Inda Ƙarfin Ɗan Wasa Yake Fitowa

Duk wanda ya taɓa zama a fagen kokawa, ko a dandalin ƙauye bayan an kwashe amfanin gona, ko kuwa a babbar gasar nan ta ƙasar Nijar wadda aka fara a Tawa cikin 1975, da wuya a ce bai ga ranar da ɗan siriri ya kā da ƙato ba, har 'yan kallo suka shiga rantsuwa cewa sai dai asiri. Ba mu zo jayayya da masu guru da laya ba, amma hukama'u suna da nasu bayani, wanda hankali yake kamawa, ido kuma yake gaskatawa.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗora motsin kowane jiki bisa ƙa'idodin da ba su saɓawa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bahasi a kan abin da yake sa dutse ya ci gaba da tafiya bayan ya bar hannun mai jifa; sa'an nan Isaac Newton na Ingila ya zo cikin 1687 ya tsara ƙa'idodin guda uku: cewa abu ba ya sāke halinsa na zama ko na tafiya sai wani ƙarfi ya tilasta shi; cewa gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙarfin da ake bukata kafin a ƙara masa sauri ko a tsai da shi; da cewa duk abin da ka tura, shi ma turo ka yake yi daidai wa daida.

Ta ukun nan ita ce tushen al'amarin, domin ɗan wasa daga ƙasa yake aro ƙarfinsa, kamar yadda mai kwale-kwale yake dogara gorarsa a gindin kogi jirgi ya yi gaba. Dubi ɗan dambe lokacin da zai kai naushi: sai ya kafa ƙafar baya ya danna ƙasa, ƙugu ya murɗa, kafaɗa ta biyo, kowace gaɓa tana miƙa wa ta gabanta saurin da ta samu, hannun da aka ɗaure da zare kuwa shi ne na ƙarshen isowa. Wanda ya yi naushi da dantse kaɗai, ko da ya kai bijimi ƙiba, da wuya ya yi kisa.

Amma sirrin kaye yana ga matattarar nauyin jiki, wadda take kusa da cibiya idan mutum yana tsaye. Muddin tana bisa filin da ke tsakanin ƙafafu biyu, mutum ba ya faɗuwa. Da ta gota, sai ƙasa. Saboda haka gwanin kokawa yake ware ƙafa ya rage tsawo, ya bar ƙaton ya taho da dukan nauyinsa, sa'an nan, maimakon ya tare shi, ya kauce ya fizgo shi tare da taɗiya, alhali nauyin da ƙaton yake taƙama da shi ya hana shi tsayawa.

Wannan hikima ta matattarar nauyi ce Dick Fosbury na Amurka ya yi amfani da ita a wasannin Olamfik na Meziko cikin 1968, da ya tsallake sanda mai tsayin mita 2.24 ta baya, ya lanƙwasa jiki gaɓoɓinsa suka haye ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ɗaga matattarar nauyinsa sama ainun ba.

Lalle ne masu horar da yara su fara da koya musu tsayuwa da sauka kafin ɗaga ƙarfe, domin wanda ya dira da gwiwa a lanƙwashe ya tsawaita lokacin tsayawarsa, bugun ya ragu, wanda kuwa ya dira a sandare, gwiwa da idon sawu ne za su biya bashin, wani lokaci har ƙarshen rayuwa.