Oklahoma City Thunder: Ɗaukar Kofi Daban, Riƙe 'Yan Wasa Daban

Masu iya magana kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Duk mai bin gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka ya ga gaskiyar wannan magana a ranar 22 ga watan Yunin 2025, lokacin da ƙungiyar Oklahoma City Thunder ta doke Indiana Pacers da ci 103 da 91 a wasa na bakwai, ta ɗauki kofinta na farko tun da ta ƙaura daga birnin Seattle a 2008. Abin tambaya a nan shi ne, shin wannan ƙungiya za ta iya riƙe mutanen da suka kai ta gaci, ko kuwa kuɗi zai raba su kamar yadda ya taɓa yi mata a baya?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi ginin. A 2019 manajan ƙungiyar, Sam Presti, ya miƙa tauraronsa Paul George ga Los Angeles Clippers, ya karɓi wani matashi ɗan Kanada mai suna Shai Gilgeous-Alexander, haɗe da damar zaɓe guda biyar a zagayen farko na ɗaukar 'yan wasa masu tasowa. Ƙungiyar ta ɗanɗana kuɗarta bayan haka, domin wasa 22 kacal ta ci a kakar 2020-21, sannan 24 a wadda ta biyo baya. Amma a zaɓen 2022 ta ɗauko Chet Holmgren a lamba ta 2 da Jalen Williams a lamba ta 12, shi Williams ɗin ma da ɗaya daga cikin damarmakin da Clippers ta bayar. Daga nan sai hawa: nasara 40, sai 57, sai 68 cikin wasa 82 a kakar 2024-25.

Ko shakka babu, Gilgeous-Alexander ne ginshiƙin wannan tafiya. A waccan kaka ya fi kowa zura maki, da matsakaicin 32.7 a kowane wasa, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara, sannan gwarzon wasannin ƙarshe. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi wahalar da abokan hamayya shi ne tsaron gida. Luguentz Dort, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2019, shi ake ɗora wa aikin hana tauraron abokan gaba sakat. Alex Caruso, da aka karɓo daga Chicago a 2024, da Cason Wallace gwanaye ne wajen ƙwace ƙwallo, yayin da Holmgren da Isaiah Hartenstein suka tsare ƙarƙashin kwando. Koci Mark Daigneault ya samu abin da kowane koci ke mafarki, wato benci mai zurfi wanda in wani ya gaji wani zai tashi ba tare da an ga giɓi ba.

To, ina matsalar take? Tana cikin littafin albashi. A watan Yulin 2025 ƙungiyar ta sabunta wa Gilgeous-Alexander kwantiragi na shekara 4 a kan kimanin dala miliyan 285, wanda ke fara aiki daga kakar 2027-28. Holmgren da Williams su ma an ba su na shekara biyar-biyar, kowanne sama da dala miliyan 200, daga kakar 2026-27. Wato mutum uku za su lashe mafi yawan abin da doka ta yarda a kashe, alhali ƙungiya na ɗauke da 'yan wasa 15.

Yarjejeniyar da hukumar NBA ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta ƙara tsananta lamarin. A da, attajirin da ya wuce iyakar albashi haraji kawai zai biya ya ci gaba da sha'aninsa. Yanzu akwai wani shinge na biyu, wanda duk ƙungiyar da ta tsallake shi ba za ta iya haɗa albashin 'yan wasa biyu ta musanya da babba ɗaya ba, ba za ta haɗa da tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma ana iya ɗaure mata damar zaɓenta ta shekaru masu zuwa. Boston Celtics, zakarun 2024, sun rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis a 2025 domin su sauko ƙasa da wannan shinge. Denver ma ta rasa Bruce Brown makonni kaɗan bayan kofinta na 2023. Ba banza ba daga 2019, shekarar da Toronto ta yi nasara ƙarƙashin Masai Ujiri wanda ya tashi a Zariya, har zuwa 2025, ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofi cikin shekara bakwai.

Shi kansa Presti ba sai an ba shi labari ba. A 2012, watanni kaɗan bayan sun sha kashi a wasan ƙarshe a hannun Miami, ya miƙa James Harden ga Houston saboda saɓani kan kuɗi. Kevin Durant ya tafi a 2016, wancan gini kuwa ya rushe ba tare da kofi ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa a wannan karon ya tara damarmakin zaɓe masu yawa, domin in tsohon ɗan benci ya yi tsada, a maye gurbinsa da matashi mai araha.

Akwai kuma batun lafiya. Holmgren bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2022-23 saboda rauni a ƙafa, kuma ya karye a ƙugu a watan Nuwamban 2024. Williams da ciwon wuyan hannu ya buga wasannin neman kofi, sai daga baya aka yi masa tiyata. Ga kuma Nikola Jokic da Victor Wembanyama, waɗanda ba kanwar lasa ba ne.

A ganina, muddin waɗannan ukun na cikin ƙoshin lafiya, Thunder za ta ci gaba da zama cikin masu neman kofi na shekaru. Amma inda za a gane gwanintar Presti shi ne wajen zaɓen wanda za a riƙe da wanda za a sallama cikin irin su Dort da Hartenstein da Caruso, mutanen da ba su cika shiga kanun labarai ba, amma da guminsu aka ɗauko kofin 2025. Idan ya yi kuskure a nan, taurari uku ba za su tsare gida su kaɗai ba.