Akwatin ƙyanƙyasar ƙwan ƙadangare

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Akra, a ƙasar Gana, da wuya ka ga katangar da babu ƙadangare a kanta. Kowane yaro ya san jan-gwada mai gyaɗa kai. Amma kun taɓa ganin ƙwan ƙadangare?

Ƙadangare, kunkuru, kada da maciji duk dabbobi ne masu jan ciki. Macen ƙadangare ba ta kwanci kamar kaza. Takan tona ɗan rami a ƙasa mai laima, ta saka ƙwai biyar zuwa bakwai, ta rufe, ta yi tafiyarta. Ɗumin rana da laimar ƙasa ne ke renon ƙwan, har ya ƙyanƙyashe bayan mako takwas zuwa goma.

Wani lokaci magina kan tono ƙwan nan sa'ad da suke haƙa harsashin gida. In aka bar shi a fili, rana ta busar da shi, ko tururuwa su cinye. Ga yadda za mu cece shi.

Kayan aiki: tsohuwar kula irin ta masu sayar da ƙanƙara, ƙaramar roba, yashi mai tsabta, kwalabe biyu cike da ruwa, da ma'aunin zafi.

Da farko a huda ƙananan kafofi huɗu a murfin kular, domin ɗan da ke cikin ƙwai ma yana buƙatar iska. A jiƙa yashin kaɗan. A dunƙula shi a hannu: in ya haɗu bai ɗigar da ruwa ba, ya yi daidai. A zuba shi cikin roba, a sa robar a tsakiyar kula, kwalaben ruwa a gefe. Ruwa ba ya saurin yin zafi, ba ya kuma saurin hucewa, saboda haka zai hana ɗumin akwatin hawa da sauka.

Akwatin yana buƙatar gwaji. A soke ma'aunin zafi cikin yashi. A duba shi safe, da rana, da dare, har kwana uku, ana rubutawa a littafi. Abin da ake so shi ne digiri 27 zuwa 30. Akra gari ne mai ɗumi, don haka ba lalle a nemi wuta ba. Babban haɗari shi ne zafin ɗakin kwano da tsakar rana. In ma'aunin ya wuce 32, a mai da akwatin wuri mai inuwa, a sake gwaji. Shi ya sa ya fi kyau a haɗa akwatin tun kafin a tsinci ƙwai.

Kafin a ɗaga ƙwai, a yi masa ɗan ɗigo da fensir a samansa. A binne rabinsa cikin yashi, ɗigon yana sama. Kaza tana juya ƙwanta kullum, amma na ƙadangare ba a juya shi, domin ɗan yana manne da ɓawon ta ciki. In aka kife shi, yana iya mutuwa.

Zafin nan yana da wani aiki na ban mamaki. A shekarar 1966, a birnin Dakar na ƙasar Sanagal, wata masaniya mai suna Madeleine Charnier ta yi gwaji da ƙwan irin wannan ƙadangare. Ƙwan da ta ajiye a digiri 26 zuwa 27 ya ba da kusan duk mata. Wanda ta ajiye a digiri 29 kuwa ya ba da maza.

Idan ƴaƴan suka fito, a sake su kusa da inda aka tsinci ƙwan, su ci gaba da cinye mana ƙwari. A wanke hannu da sabulu. Kada a tona ramin da babu abin da ya same shi, kuma ƙwan da ba a san na mene ne ba, a kira babba ya duba.

Mu koyi kalmomi

ƙadangare: le margouillat
ƙwai: l'œuf
yashi: le sable
ma'aunin zafi: le thermomètre

Tambayoyi

1. Me ke renon ƙwan ƙadangare a cikin rami?
2. Mene ne amfanin kwalaben ruwa?
3. Don me ba a juya ƙwan?