Gargaɗi: A Fitar da Dabbobi Daga Ɗakunan Kwana Kafin Sanyi Ya Kankama

Jama'ar Funtuwa da Malumfashi, da Bakori da Danja da Ƙafur da Dandume, da ku na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara: Magana ce ta gaggawa, kuma babu gidan manomi da ba ta shafa ba. Duk wanda akuya ko tunkiya ko kaji ko kwikwiyo ke kwana a ɗakin da iyalinsa ke kwana, ya fitar da su yau, kada ya bari sai gobe. Ɗakin da ke da mai ciki, ko mai jego, ko yaro mai rarrafe, shi za a fara da shi.

Na san abin da ya kawo haka, don ni ma ɗan yankin nan ne. Iyayenmu ba su kwana da awaki ba. Turke yana bayan ɗaki, akurki yana jikin katanga, garke yana bayan gari. Ɓarayin shanu da 'yan bindiga ne suka canza mana tsarin gida. Da aka kwashe na garke, sai aka dawo da sauran tsakar gida. Da aka fara haura katanga, sai aka shigar da su ɗaki. A 2021 har gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Malumfashi da Ƙafur da Faskari da Sabuwa, duk saboda wannan masifa. Matar da tunkiya biyu ce asusunta, su ne kuɗin maganinta, su ne kayan ɗakin 'yarta, ba za ka zarge ta ba idan ta ɗaure su a ƙafar gado. To amma akwai ɓarawon da yake shiga tare da su, shi kuma ba ya haura katanga.

Bara da hunturu na kwana gidan wata yayata a wani ƙauye da ke tsakanin Bakori da Danja. Da asuba na leƙa ɗakinta mu gaisa. Ƙofa a rufe ruf, an toshe taga da tsumma, kaskon wuta yana ta hayaƙi a tsakiya. Awaki biyu a ɗaure bayan ƙyaure, ɗaya ta haihu cikin dare, mabiyiya na nan yashe a gefen tabarma. Ƙarƙashin gado kaza ce a kan ƙwai, wasu kuma an kife su da kwando. Jikanta mai wata tara ya sauko daga katifa yana rarrafe, kafin in ce wani abu ya damƙi kashin kaza ya kai baki. Ta sa yatsa ta ƙwaƙule, ta goge a zani, ta miƙa shi ga uwarsa. Ita uwar tana da wani cikin.

Na ce, "Yaya, wannan ɗakin ai ya yi wa yaron nan yawa."

Ta ce, "To ɗan'uwana, in na bar su waje, da safe igiya zan tarar."

Gaskiya ta faɗa. Amma bari in faɗi abin da ke cikin ɗakin nan wanda ido bai gani.

A fara da akuya mai haihuwa, don ita ce mafi haɗari ga mai ciki. Ruwan haihuwar akuya da tunkiya da saniya, da mabiyiya, da ɗan da aka yi ɓarinsa, nan ne ƙwayoyin wasu cututtuka suka fi taruwa. Ɗaya ita ce wadda makiyaya ke kira bakkale, mai sa dabba ɓari da kumburin gwiwa. Tana kama mutum ta hannun da ya taɓa wannan ruwa, ko ta madarar da ba a tafasa ba. Zazzaɓinta mai tafiya ne yana dawowa, ga gumin dare, ga ciwon gaɓoɓi da na baya. Mutum zai yi wata da watanni yana sayen maganin maleriya da na taifod a kemis, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ƙarshe a ce sammu ne. Ɗayar kuma, wadda likitoci ke kira zazzaɓin Q, ko taɓawa ba ta bukata: ruwan ya bushe a ƙasa, a yi shara, ƙura ta tashi, a shaƙa. Kada a ɗauka cutar talaka ce. A ƙasar Holan, daga 2007 zuwa 2010, ta kama mutum sama da 4,000, kuma daga gonakin awaki ta fito, iska ta ɗauke ta zuwa gidajen maƙwabta. Idan iska ta iya kai ta daga gona zuwa gari, ina ga ɗakin da aka toshe tagarsa da tsumma?

Saboda haka mai ciki ba ta karɓar haihuwar dabba, ba ta ɗaukar mabiyiya, ba ta share wurin. Namiji ya yi, ya sa hannunsa cikin leda, ya haƙa rami mai zurfi ya binne inda kare ba zai tono ba, ya wanke hannu da sabulu. Dabbar da ta yi ɓari a ware ta, a kira malamin dabbobi.

Sai kaji, waɗanda muka fi rainawa. Kashin kaza, ko da kazar lafiyarta ƙalau, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, wani lokaci har da jini. Babba zai yi kwana biyu ya warware. Yaro ƙarami kuwa, da yake kullum hannunsa na ƙasa yana komawa baki, gudawar ba ta barinsa: ta tafi ta dawo, hanjinsa ya kasa riƙe abin da ya ci. Sai ka ga gida cike da masara da waken suya, amma yaro ya tsumbure, a ce haƙori ne, a ce shawara ce. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Habasha, aka wallafa a 2016, ya gano abin da ya kamata kowace uwa ta ji: yaran gidajen da ake kiwon kaji sun fi girma, saboda ƙwai da ɗan kuɗin da ke shigowa, amma inda kajin ke kwana cikin ɗakin mutane, girman yaran ya ragu. Ke nan ba kiwon ne laifi ba, makwancin ne.

Ga kuma murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a nahiyar Afirka, kuma ba a nesa ba, a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna, kan hanyar da muke bi kullum. Shekara guda bayan haka ta kashe wata matashiya a Legas. Tun daga lokacin tana ɓulla tana lafawa, galibi da sanyi. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, biyar yau goma gobe, kada a yi saurin sa musu wuƙa a kai tukunya, kada a ba yara su fige, kada a kwashi sauran a ruga kasuwa da su don gudun asara. A sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma.

Kyanwa fa? Nan ne za a ce mini ai malamai sun ce mage ba najasa ba ce. Haka ne, ban ja ba, kuma gidan da ke da hatsi yana bukatarta. Amma tsarkin alwala daban, lafiyar jariri daban. Magen da ta kwana tana farautar ɓera, ita ce da asuba take neman ɗumi ta haye katifa ta lafe jikin jinjiri, wanda ko juya kansa bai iya ba in ta danne masa fuska. Tana kawo ƙuma, tana kawo makero, wannan zagayen da ke cin gashin kan yara. A kashinta kuma akwai wata ƙwayar cuta da idan ta kama mace karon farko tana da ciki, tana iya jawo ɓari, ko a haifi yaro da lalurar ido ko ta ƙwaƙwalwa. A bar mage ta yi aikinta a rumbu da ɗakin ajiya. Da dare a rufe mata ƙofa, a sauke gidan sauro a cusa shi ƙarƙashin katifa, mai ciki kuma ta bar wa wani kwashe kashinta.

Yanzu ga cutar da ta sa na ce gaggawa. Rashin tsaro ya sa gidaje da yawa sun koma ajiye karnuka, ban da na 'yan farauta da muka saba da su. Babban kare yana waje, amma kwikwiyo yara ne ke ɗauke da shi, su yi wasa da shi, su ɓoye shi cikin bargo su kwana tare ba da sanin iyaye ba. Ciwon haukar kare yana cikin yawun dabbar. Cizo yana kawo shi, yakushi yana kawo shi, har lasar ƙurji ko tsagar ƙafa tana iya kawo shi, kuma wace ƙafa ce ba ta da faso da hunturu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake: yaro in kwikwiyo ya ɗan kafta masa haƙori ba zai faɗa ba, yana tsoron duka, ko yana tsoron a raba shi da abin wasansa.

Muguntar wannan ciwo ita ce yana ba da tazara. Raunin zai warke, a manta. Sai bayan wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara, yaro ya fara zazzaɓi, wurin cizon ya riƙa yi masa ƙaiƙayi ko zafi, ya firgita da iska, a miƙa masa ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture kofin. A wannan gaɓar sai a ce iskoki ne, a nufi wajen mai magani. Jama'a, in alamun nan suka bayyana, kusan babu wanda ke tashi, ko a asibitin Shika ne, ko a Ingila. Amma kafin su bayyana, ana tare shi tsaf. Duk rayuwar yaron tana cikin awannin farko.

To ga abin yi, a haddace shi. Kare ko mage ya ciji mutum ko ya yakushe shi, nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa, har minti 15 cur. A duba agogon waya, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a ɗaure, kada a zuba toka ko barkono ko man birki, kada a ƙona gashin karen a shafa kamar yadda wasu ke yi. Daga nan a wuce asibiti a ranar, Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ko wanda ya fi kusa, a faɗa musu ƙarara cewa kare ne, a nemi allurar rigakafin haukar kare. Allurar tetanus ba ita ba ce, kada a karɓe ta a koma gida da murna. Idan babu a nan, a tambayi inda take a bi ta ko Zariya ne ko Katsina. Ba sau ɗaya ake yin ta ba, akwai ranakun da za a ba ku, a cika su. Tana da tsada, na sani. Wannan ita ce ranar da aka yi kiwon tunkiyar dominta. Karen kuma in na gida ne a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma, amma kada a jira kwana goman kafin a fara allura.

Wanda zai ajiye kare ya kai shi rigakafi tun yana wata uku, ya kuma riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924, tana yin wannan allura a cikin ƙasar nan, malaman dabbobi sun san yadda ake samun ta.

Wani baƙon kuma ba mu muka gayyace shi ba, buhu ne ya kawo shi. Tsoron sata ya sa amfanin gona ya bar rumbu ya koma ɗakin kwana, buhu kan buhu har rufi, ɓera kuwa inda hatsi yake nan ne gidansa. Fitsarinsa da kashinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tashi da rani. Tun da maganar buhu ta zo: ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake jefawa cikin masara, iskar da take fitarwa guba ce, tana kisa. Ba a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa mata.

Na dawo kan tambayar yayata: in an fitar da su, ina za a kai su? Ba bayan gari na ce ba. A cikin gida za su zauna, kusa da kunnen mai gida, amma da bango tsakaninsu da numfashin yara. Ɗan ɗaki na laka jikin ɗakin kwana, mai ƙofar langa-langa da kwaɗo, ya isa awaki huɗu. Akurki na ƙasa da yara za su iya ginawa cikin yini biyu ya isa kaji. Gidan da ke da zaure biyu ko tsohon ɗakin girki, a ba su ɗaya. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa nasu wuri guda, samari su riƙa kwanan gadi bi da bi. Ɗan akuyar da aka haifa cikin sanyi, a shimfiɗa masa ƙaiƙayi ko harawa a kwando, a rufa masa buhu a ɗakin uwarsa. A riƙa share kashi kullum da safe kafin a sauko da yaro, a tara shi nesa da rijiya, dama taki ne, damina na jiransa. Kaskar da aka cire daga jikin dabba kada a murtsuke ta da farce, a jefa ta wuta. Madara a tafasa ta kafin a sha ko a yi kindirmo.

Idan duk wannan ya gagara a daren yau, to a yi mafi ƙaranci: mai ciki da mai jego da ƙananan yara su koma ɗakin da babu dabba, mai gida ya kwana da dukiyarsa shi kaɗai, taga a buɗe.

Masu unguwanni da dagatai, a sa sankira ya zaga da wannan magana. Limamai, a faɗe ta bayan sallar Juma'a. Ungozomomi da malaman asibitin sha-ka-tafi, ku tambayi duk mai cikin da ta zo awo me ke kwana a ɗakinta. Iyaye kuma, daren nan kafin a kashe fitila, a ɗaga bargon yara a duba, a kuma tambaye su cikin lallashi, ba da bulala a hannu ba, ko akwai wanda kare ya taɓa ciza bai faɗa ba.