Gadon Girkawan Dā da Takwarorinsa a Ƙasar Hausa

Tsakanin ƙarni na 6 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Girka, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunan, sun yi fice a fannoni huɗu: falsafa, rubuta tarihi, wasan kwaikwayo da aikin hannu. Ba daula ɗaya suke ƙarƙashinta ba. Birane ne masu cin gashin kansu, kowanne da dokarsa da rundunarsa, kuma Atina ce ta fi su tara masana. Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa boko ne ya fara kawo labarin waɗannan mutane ƙasar Hausa. Tarihi ya nuna akasin haka. Wani sashe na iliminsu ya riga Turawa isowa da ɗaruruwan shekaru ta hannun malaman Musulunci, wani sashen kuma ya zo ya tarar da takwaransa a gida, musamman a masarautar Suleja, wadda ƙaramar hukumar Tafa ke cikinta.

Falsafa

Falsafar Girkawa ta fara ne da neman dalilin abubuwa ta hanyar hankali. Sukurat ya riƙa tare mutane a kasuwar Atina yana tambayarsu mene ne adalci, mene ne jarunta, har sai mai amsa ya ga inda maganarsa ta ci karo da kanta. Bai bar rubutu ko ɗaya ba. A shekarar 399 kafin haihuwar Annabi Isa kotu ta same shi da laifin ɓata tarbiyyar matasa da ƙin allolin gari, aka ba shi guba ya sha. Almajirinsa Aflatun ne ya adana tunaninsa cikin littattafai masu siffar tattaunawa. Almajirin Aflatun kuma, Aristotal, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322, shi ya tsara ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin da ake auna hujja da su a gane ingantacciya daga gurɓatacciya.

A ƙarni na 9 na Miladiyya, musamman zamanin Halifa Ma'amun (813 zuwa 833), aka fassara littattafan Girkawa masu yawa zuwa Larabci a Bagadaza. Farabi da Ibnu Sina da Ibnu Rushdi suka yi musu sharhi suka ƙara nasu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi a kan wasu mas'alolin aƙida, amma ya karɓi manɗiƙi a matsayin ma'aunin da malami ke bukata. Wannan matsayi ne ya buɗe wa fannin ƙofar makarantun ilimi.

Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), yana cikin masu kare manɗiƙi. Ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda ke ganin haramcin fannin, Magili ya kuma wallafa littafi a kan manɗiƙi. Daga baya littafin Sullam na Ahlari, malamin ƙarni na 16 daga ƙasar Aljeriya ta yau, ya shiga jerin abin da manyan almajirai ke karantawa a zaure. Duk wanda ya karanta tauhidi a littafin Sanusi, ya koyi raba hukuncin hankali zuwa wajibi da mustahili da ja'izi, ya taɓa wannan gado ko da bai taɓa jin sunan Aristotal ba.

Wanda ya fi nisa a fannin cikin malaman daular Sakkwato shi ne Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa saboda mahaifinsa Malam Tafa. An haife shi a 1804, shekarar da aka fara jihadi, ya rasu a 1864. Mahaifiyarsa ita ce Hadiza, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya zauna a Salame yana koyarwa, ya rubuta littattafai a kan asalin halitta da yanayin rai, cikinsu har da Futuhatur Rabbaniyya, inda ya ɗauko maganganun masana falsafa ya auna su. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya sadu da shi a 1853, ya shaida cewa yana sahun gaba a ilimi cikin mutanen zamaninsa.

Rubuta tarihi

Hirodotus, ɗan garin Halikarnasus da ke gaɓar Turkiyya ta yau, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Girkawa da Farisa. Ya yi tafiya har Masar yana tambayar mutane, yana bambanta abin da ya gani da ido da abin da aka faɗa masa. Ya kawo labarin wasu samari daga Libiya da suka ƙetare hamada suka iske babban kogi mai kadoji yana gudana daga yamma zuwa gabas, abin da wasu masana ke kyautata zaton Kogin Kwara ne. Tusidaidis, wanda ya biyo bayansa, ya rubuta yaƙin Atina da Isparta na 431 zuwa 404 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi kansa kwamanda ne a yaƙin, kuma ya tsananta wajen tace shaidu da neman ainihin musabbabin rikici.

Ƙasar Hausa ta gaji rubuta tarihi ne daga al'adar Musulunci ta isnadi da tantance masu ruwaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, shi ma yana ba da labarin yaƙin da ya halarta. Ɗan Tafa ya rubuta Raudatul Afkari, inda ya bi tarihin daulolin Hausa irin su Gobir da Kabi da Zamfara kafin jihadi.

Suleja tana da nata littafin. Bayan jihadi ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu zuwa Zuba. An kashe shi a Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Garin ne aka sauya wa suna zuwa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, bayan an ba sabon babban birnin tarayya sunan Abuja a 1976. Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi sun tattara wannan tarihi da Hausa daga bakin dattawa, Frank Heath ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Ibadan a 1952. Littafin bai tsaya kan sarakuna da yaƙi ba. Ya bayyana sarautu da ayyukansu, da bukukuwa, da al'adun aure da bori. Darajarsa ita ce ya adana tsarin sarautar Hausa na kafin jihadi, wanda ya sauya a yawancin sauran masarautu.

Wasan kwaikwayo

A Atina wasan kwaikwayo gasa ce ta shekara-shekara a bikin ɗaya daga allolinsu. Maza kaɗai ke fitowa, sanye da fuskokin aro, ga ƙungiyar 'yan amshi tana waƙa tana sharhi. Akwai wasan ban tausayi, wanda Eskilas da Sofokilis da Yuripidis suka shahara da shi, akwai kuma na ban dariya, inda Aristofanis ya riƙa yi wa manyan gari ba'a, har da Sukurat a wani wasa na shekarar 423 kafin haihuwar Annabi Isa. Masu fassara na Bagadaza ba su ɗauko waɗannan wasanni ba, don haka sai ta makarantun boko suka iso Nijeriya. Misali, Ola Rotimi ya gina wasansa na 1968 a kan labarin Idipas na Sofokilis.

Hausawa kuwa sun daɗe da nasu. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansu, a tashe kuma yara kan kwaikwayi halayen mutane cikin watan azumi. Duka biyun suna yin aikin da Aristofanis ya yi, wato gyaran hali ta hanyar dariya. Rubutaccen wasa ya soma da wasanni shida da Rupert East ya buga a shekarun 1930, sannan Abubakar Tunau ya kawo Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya kawo Jatau Na Kyallu.

Aikin hannu

Girkawa sun bar gine-gine irin su Fatinon, wanda aka gina daga 447 zuwa 432 kafin haihuwar Annabi Isa, da mutum-mutumin marmara. Amma abin da ya fi yawa cikin kayansu da suka rage shi ne tukwane. Maginan Atina kan zana baƙaƙen siffofi a kan jan yumɓu, daga wajen 530 kuma suka juya, suna baƙanta jikin tulu su bar siffar da jan launinta. Daga waɗannan zane-zane ake sanin suturarsu da wasanninsu da yadda suke biki.

A wannan fanni yankin Suleja ya kai ga idon duniya. Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Ingila, ya zaɓi garin don kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, saboda kyan yumɓu da wadatar ruwa da itace da goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. A fadar sarkin ya ga tukwanen wata mata Bagwariya daga Kwali mai suna Ladi. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifan juyi, amma ba ta bar ginin hannu da ta gada ba, tana ƙawata randunanta da zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada, sannan a shafe su a gasa da wuta mai tsanani har su yi ƙyallin tangaran. An baje kolin aikinta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne ke bayan takardar naira 20.

Abin da ya sa ake sanin Girkawa bayan shekaru fiye da 2,000 shi ne an samu masu kwafe littattafansu, masu fassara su, da masu adana tukwanensu. Littattafan Ɗan Tafa suna bukatar fassara zuwa Hausa, tarihin da Dallatu da Na'ibi suka rubuta ya cancanci a sake buga shi a sa a makarantun Suleja da Tafa da Gurara, cibiyar da ke ɗauke da sunan Ladi Kwali kuma ta cancanci kulawar gwamnatin Jihar Neja da masarauta, domin 'yan baya su tarar da su.