Injin Burodi Ba Asibiti Ba Ne

Wata magana ce ke yawo a WhatsApp, musamman a zaurukan mata, wai mai ciwon suga ya sayi injin burodi na gida kawai, ya riƙa gasa na alkama, ya ci iya cinsa, suga ba za ta hau ba. Masu tallar injinan kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Maganar nan ta ishe ni, domin rai ake wasa da shi.

Shi dai injin, kamfanin Matsushita na Japan, wanda ake kira Panasonic yanzu, shi ya fito da shi a 1986. Ka zuba ruwa da gari da yis da gishiri, ya kwaɓa, ya bari ƙullun ya tashi, ya gasa. Iyakar aikinsa ke nan. Abin da ka zuba shi za ka ci.

Babu musu, garin alkamar da ba a raba shi da dusarsa ba ya fi fulawa amfani. Yana riƙe ciki, yana taimakon hanji. Amma mafi yawan ƙwayar alkama sitaci ce, sitaci kuwa da ya shiga ciki suga yake komawa. In aka niƙa ta lukui, gwajin masana ya nuna ratar da ke tsakanin burodinta da farin burodi wajen saurin tayar da sugar jini ba ta taka kara ta karya ba. To ina ga an ƙara masa suga da madara da bota don ya yi laushi? Sai ka ga dattijo ya tasa rabin burodi a gaba, ga shayi mai kauri, ka yi magana ya ce, "Ai na alkama ne." Haba Baba! Wasu har maganin asibiti suke ajiyewa saboda wannan. Wanda ya tura maka saƙon ba zai zo jinya ba.

Amfanin injin na gaskiya shi ne ka san abin da ke cikin burodinka. Kai za ka auna gishiri da suga, babu sinadarin bromet da NAFDAC ta haramta, babu farar fulawar da aka rina ta yi ruwan ƙasa ana kiranta alkama.

In za a saya, wuta ce farkon abin dubawa. Wasu na gwanjo daga Amurka suke, masu aiki da wuta 110 zuwa 120, alhali tamu a Nijeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Jona shi ɗaya ya ƙone, don haka a juya ƙasansa a karanta. Sannan burodin alkama kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar, kuma yawancin injina 'yan mintoci kaɗan suke iya jira in an ɗauke wuta. Wanda unguwarsu ba ta samun wuta mai tsayi, ba shi kuma da sola ko janareta, ya nemi mai maɓallin kwaɓi zalla, ya ƙarasa gashin a obin na gas.

A tabbata yana da shirin da aka rubuta Whole Wheat a jikinsa. Dusa na shan ruwa a hankali, tana kuma tsinka danƙon ƙullu, shi ya sa wannan shirin ke ba shi lokacin jiƙa da tashi fiye da na fulawa. Ƙullun alkama na da nauyi, injin da ake ɗagawa da yatsa biyu ba zai jure ba. Mai makwaɓa biyu ya fi juya shi. A leƙa cikin kwanon kada ya zama ya kankare, a kuma ga ɗan ƙarfen kwaɓin da ido kafin a biya, don samunsa daban wahala ce. Mai gasa kilo ɗaya ya wadaci matsakaicin gida.

Uwargida, ki fara da rabin alkama rabin fulawa har hannunki ya faɗa. Gero da dawa ba su da danƙo, kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu, in ba haka ba bulo za ki ciro. Ki tsince tsakuwa, ki niƙa kaɗan-kaɗan domin man da ke cikin ƙwayar na sa gari saurin ɗaci, kuma kada mai inji ya zuba miki a bayan barkono. Bayan minti goma da fara kwaɓi ki buɗe ki taɓa: in ya bushe, ƙara ruwa cokali ɗaya. Da bazara ki yi da ruwan sanyi, ki rage yis, don kada ya kumbura ya rufta.

Mai ciwon suga kuwa ya tambayi likitansa yanka nawa ya dace da shi, ya auna jininsa awa biyu bayan ci, kuma don Allah kada ya ajiye maganinsa.