Daga Dam ɗin Tiga zuwa taron masu zane da kwamfuta

Duk ɗalibin da makarantarsu ta taɓa kai su ziyara Dam ɗin Tiga a Ƙaramar Hukumar Bebeji ya ga doguwar katangar nan mai kusan kilomita 6 da ta tare ruwan Kogin Kano. Kafin a zuba tifa guda ta ƙasa a wurin, sai da aka zana dam ɗin a takarda. An kammala aikin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da kayan aikin mai zane ba su wuce fensir da rula da kamfas da faffaɗan allo ba. In ya kuskure awo, sai ya goge, wani lokacin ma ya sake takardar ɗungurungum.

Bayan shekara 8, a Disambar 1982, kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da manhajar AutoCAD, wadda ta sa ana iya yin irin wannan zane a ƙaramar kwamfuta. Yau da ita da ire-irenta ake zana gidaje da gadoji da sassan injuna.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne taron da masu amfani da manhajojin kamfanin ke yi duk shekara, mai suna Autodesk University. Kada sunan ya ruɗe ku, ba jami'a ba ce. Taro ne na 'yan kwanaki da aka fara a 1993 a birnin San Francisco, aka kuma daɗe ana yin sa a Las Vegas. Dubban mutane ke hallara, kuma da yawa daga masu koyarwa a wurin ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Injiniyoyi ne da masu zanen gini da malamai waɗanda suka ci karo da wata matsala a bakin aiki, suka warware ta, suka zo nuna wa 'yan uwansu yadda suka yi.

Ba haka kawai mutum ke hawa dandamali ba. Watanni kafin taron ake buɗe ƙofar neman masu gabatarwa. Mai sha'awa zai aika da taken darasinsa da taƙaitaccen bayani da abin da mai sauraro zai koya, sannan a tace a zaɓa. Wanda aka zaɓa yakan shirya takardar bayani da mahalarta za su koma gida da ita.

Mun san kuɗin jirgi da biza da masauki sun fi ƙarfin ɗan sakandare a Kiru ko Doguwa. Amma a 2020 annobar korona ta sa an yi taron ta intanet, kuma akwai darussa masu yawa da aka naɗa aka ajiye a shafin taron, ana kallonsu kyauta. Data kawai za su ci, sai kuma haƙurin sauraron Turancin Amurkawa. Ga mai son gwada hannu, Tinkercad kyauta ce ta intanet, FreeCAD kuma ana sauke ta kyauta a yi aiki da ita ko babu intanet.

To, me ɗalibi daga Tudun Wada zai gabatar in aka ba shi minti 10 a gaban 'yan ajinsu? Ga misali. Ku auna ajinku, a ce tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 7. A darasin zanen fasaha za ku rage shi da ma'aunin 1:100, ya koma santimita 9 da 7 don ya shiga takarda. A kwamfuta kuwa ainihin girmansa ake zanawa, sai an zo bugawa a rage. Nan masu koyo ke yawan tuntuɓe: mutum ya rubuta 9000 da nufin milimita, alhali an saita manhajar a kan inci. Tunda inci ɗaya milimita 25.4 ne, ajin mita 9 sai ya koma ya haura mita 228, ya fi filin ƙwallo biyu tsawo. Wanda ya iya nuna wannan kuskure da yadda ake gyara shi, ya gabatar da darasi cikakke.

A ganinmu, babban abin da ke kashe mai gabatarwa shi ne son faɗin duk abin da ya sani. Matsala ɗaya ta isa. Ku yi zanen a gaban mutane su gani, kada ku tsaya kuna karanta rubutu daga allo. Sannan ku tuna da halin wutarmu: a cika cajin kwamfuta tun da dare, a buga hotunan matakan a takarda, ko da za a ɗauke wuta ana tsaka da bayani. In aka yi tambayar da ba ku da amsarta, ku rubuta ta, ku ce za ku bincika.

Makarantar da ke da ƙungiyar JETS tana da wurin farawa. Ku nemi malamin kwamfuta ko na zanen fasaha ya ware muku awa ɗaya a mako, mutum uku su gabatar, kowa da minti 10, ragowar rabin awar a bar wa tambayoyi. In kwamfuta ɗaya ce tak a makarantar, a riƙa yin kamba-kamba, wanda bai samu a wannan makon ba ya riƙe tef ɗin awo.