Tsanin sauti a makarantar Hartum

Hartum birni ne na ƙasar Sudan, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke gamuwa. A ƙetaren kogi akwai Umdurman. Can aka buɗe gidan rediyo a 1940. A 1942 Aisha Falatiya ta rera waƙa a wannan rediyo. Asalin mahaifinta Sakkwato ne, kuma ta yi wasu waƙoƙinta da Hausa.

Makaɗa da yawa na zamaninta da kunne suka koyi sana'arsu. Amma a 1969 aka buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a Hartum. Nan ɗalibai suka riƙa koyon karanta kiɗa a takarda.

Ana rubuta kiɗa bisa layi biyar a kwance. Da Faransanci sunansu portée. Kowane sauti ɗigo ne, ko bisa layi, ko tsakanin layi biyu. Ɗigon da ke sama sautinsa siriri ne, na ƙasa kuwa mai kauri. In akwai alamar clé de sol a farko, sunayen layukan daga ƙasa su ne mi, sol, si, ré, fa.

To, layi biyar ba su isa ba. Goge irin na Turawa, wanda ƙungiyoyin kiɗan Sudan suke so ƙwarai, yana hawa sama da su, yana kuma sauka ƙasa da su. Sai a ƙara gajerun layuka, kamar matakan tsani. Ba a jan su har ƙarshen takarda, iyakarsu faɗin ɗigo da ɗan ƙari.

Ba a canke, ƙirga ake yi. Layin sama fa ne. Ɗigon da ya zauna a kansa sol ne. Gajeren layi na farko la ne, bisansa si, gajeren layi na biyu do.

Wajen sauka aka fi yin kuskure, don sunayen da baya-baya suke tafiya. Layin ƙasa mi ne. Ƙarƙashinsa ré. Gajeren layi na farko do ne, sai si, sai la bisa gajeren layi na biyu. Ɗigon da ke rataye ƙarƙashin wannan sol ne, kuma shi ne sauti mafi kauri da gogen ke iya bayarwa. In mai goge ɗaya ya tsallake mataki guda, cikin mutum goma ma za a ji shi, mawaƙi kuma yana iya ruɗewa.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka buɗe makarantar kiɗa ta Hartum?
2. Don me ake ƙara gajerun layuka?
3. Ku zana layi biyar a allo, ku rubuta do na ƙasa da la na sama.